Google Arts & Culture a ajina na Argungu

Sashen shafin intanet na Google Arts & Culture kan al'adun 'yan Latino (masu asali daga ƙasashen Latin Amurka) a Amurka ya burge ni ƙwarai, ga shi kyauta. Da wayata na nuna wa ɗalibaina zane-zanen bangon unguwannin 'yan Latino, suka yi cincirindo a kaina. Na ƙara musu da bakina cewa tun 1988 Amurka ke ware 15 ga Satumba zuwa 15 ga Oktoba don karrama tarihin 'yan Latino, kuma a 1947 kotu ta ba iyayen wata yarinya 'yar Latino, Sylvia Mendez, gaskiya kan wariya a makarantun Kalifoniya. Wata yarinya ta ce, "Malam, mu yaushe za a kai mu gidan tarihin Kanta?" Na yi musu alkawari. 'Yan'uwa malamai, ku gwada shi, amma ku nemi inda sabis ke da ƙarfi.