Abin da na gani bayan na koma Linux Mint a kan tsohuwar kwamfutata

Kwamfutar da nake rubuta wannan sharhi da ita ta girmi ƙaramar 'yata. Ta hannu ce, na saye ta a Kano shekaru bakwai da suka wuce, kuma ko a lokacin ma ba sabuwa ba ce, domin injinta Intel Core i5 ne zubi na huɗu, irin wanda ya fara fitowa a 2013. Sana'ata fassara ce da shirya takardun darasi na Hausa, saboda haka abin da nake buƙata daga kwamfuta bai wuce rubutu, da karanta takardu, da shiga intanet, da sauraren sauti idan an turo mini hira in mayar da ita rubutu ba. A kan wannan aiki na gwada Linux Mint, wata babbar manhajar tafiyar da kwamfuta da ake ɗorawa a madadin Windows, tun daga watan Nuwamba na 2025, kuma da shi zan auna shi, ba da aikin wani ba.

Dalilin sauyin sananne ne ga duk mai bin labaran fasaha. Ranar 14 ga Oktoba, 2025, kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin da yake bai wa Windows 10, wanda ya fito tun a 2015. Wannan ba ya nufin kwamfuta za ta daina tashi, abin da yake nufi shi ne gyare-gyaren tsaro da ake turowa don toshe kafofin da ɓarayin intanet ke bi za su tsaya, sai ga wanda ya shiga shirin ƙarin wa'adi na shekara ɗaya zuwa Oktoban 2026. Windows 11 kuwa yana da sharuɗɗa, daga ciki akwai na'urar tsaro ta TPM 2.0 da injin Intel zubi na takwas zuwa sama, kuma tawa ba ta cika su ba. Shekara goma na tallafi ba kaɗan ba ne, don haka ban ɗauki abin da zafi ba, sai dai ya ajiye ni a gaban zaɓi uku: in sayi wata, in ci gaba da zama babu kariya, ko in nemi wata babbar manhajar. Kuɗin wata kwamfutar a lokacin daidai yake da kuɗin makarantar yara na zango guda, kuma duk mai iyali ya san wanda zai fara biya a cikin biyun.

Wani matashi mai gyara a kasuwar Farm Centre ne ya ba ni shawarar. Na je ne da niyyar jin nawa za a saye ta a hannuna, ya juya ta, ya kunna, ya ce, "Baba, wannan ai da sauran ƙarfinta, ka bari in nuna maka wani abu kafin ka rabu da ita." Ya zaro filashi daga aljihu ya soka, ya tashe ta daga cikinsa, cikin 'yan mintuna sai ga wani sabon allo ya bayyana, da maɓallin jerin manhajoji a ƙasa ta hagu da agogo ta dama, kusan yadda idona ya saba. Na tambaye shi ko ya goge mini kayana, ya ce bai taɓa komai ba, duk abin da nake gani daga filashin yake tafiya, da zarar an zare shi kwamfutar za ta koma yadda take. Wannan damar ta gwaji kafin a ɗora ita ce ta fara kwantar mini da hankali, domin a nan teburinsa na gwada sauti da kyamara da wayafai da madannai, na ga duk suna aiki, kafin in ce na amince.

Daga baya na karanta tarihin abin. Zuciyar tsarin, wato Linux, wani ɗalibin jami'ar Helsinki ta ƙasar Finland mai suna Linus Torvalds ne ya fara ta a 1991. Linux Mint kuma wani Bafaranshe ne, Clément Lefebvre, ya soma shi a 2006, an gina shi a kan wani tsarin Linux mai suna Ubuntu, wanda shi ma aka gina a kan wani da ya girme shi mai suna Debian. Wanda aka ɗora mini na jerin 22 ne, tushensa Ubuntu 24.04, kuma za a ci gaba da turo masa gyaran tsaro har zuwa 2029. Kyauta ne, babu lambar rajista, babu saƙon da ke fitowa a kusurwa yana cewa manhajarka ba ta asali ba ce. Na jima ina jin nauyin yadda yawancinmu muke aiki da manhajojin da aka fasa ba tare da an biya masu su ba, kuma samun kaina a kan abin da masu shi suka halatta wa kowa ya sauke mini wannan nauyin.

Game da sauri, dole in raba yabon gida biyu. A ranar da aka ɗora Mint, na sa an cire tsohon faifan ajiya mai juyawa an saka SSD, wato faifan ajiya na zamani mai sauri, an kuma ƙara ram, wato ƙwaƙwalwar aiki, daga giga 4 zuwa giga 8. Yanzu kwamfutar tana tashi cikin ƙasa da rabin minti, amma ko wace babbar manhaja aka ɗora a kan SSD za ta ji daɗinsa, don haka ba zan bai wa Mint ladan da ba nasa ba. Abin da na tabbatar nasa ne shi ne natsuwa: idan na kunna ta ban buɗe komai ba, abin da take ci na ram bai cika wuce giga ɗaya da 'yan kai ba, fankarta ba ta ihu, kuma a watannin zafi ina iya ɗora ta a cinya ba tare da ta gasa ni ba. Batir kuwa ban ga wani bambanci ba, tsoho ne, awa biyunsa yake yi kamar da.

Inda na fi mayar da hankali shi ne haruffanmu masu ƙugiya, domin su ne abincina. Wanda bai yi aikin rubutun Hausa ba zai ga kamar ƙaramin abu ne, amma tsakanin kafa da ƙafa, ko bari da ɓari, ko daidai da ɗaiɗai, akwai ma'anar da mai fassara ba shi da ikon wasa da ita. A cikin jerin tsare-tsaren madannai na Mint na tarar da Hausa har kashi biyu, na Nijeriya da na Gana, na ƙara na Nijeriya kusa da na Turanci, ina sauyawa tsakaninsu da ɗan alamar da ke kusa da agogo. Makon farko na sha fama kafin yatsuna su gane inda ɓ da ɗ da ƙ suke, har sai da na rubuta su a 'yar takarda na manna da salatif a gefen allo, kuma har yau takardar tana nan ko da yake na daina dubanta. Windows ma yana da tsarin madannai na Hausa, ban ce wannan sabon abu ba ne. Abin da ya burge ni shi ne salon haruffan da suka zo da tsarin, irin su Noto da DejaVu, suna nuna ƙugiyoyin nan da kyau, manya da ƙanana, ba tare da harafi ɗaya ya fita daban da 'yan'uwansa a tsakiyar kalma ba. Har ƴ da ake rubutawa a Nijar a madadin 'y namu tana fitowa sumul, abin da ya yi mini amfani lokacin da aka ba ni gyaran wani rubutu daga Maraɗi. Na ƙara da Charis SIL don takardun da za a buga, domin a ganina babu salon da ya kai shi fito da Hausa a kan takarda.

Rubutun kansa da LibreOffice nake yi, wanda ya zo a cikin tsarin. Yana buɗe takardun Word yana kuma adana su a irin tsarinsu, kuma ga wasiƙa ko darasi ko fassarar shafi talatin ban taɓa samun matsala ba. Inda aka fara samun tangarɗa shi ne takardun da aka tsara da salon Calibri, waɗanda layukansu suka riƙa zamewa, shafi goma ya koma sha ɗaya, jadawali ya tsallaka shafi na gaba. Maganin ya zo da sauƙi: akwai wani salo na kyauta mai suna Carlito wanda faɗin haruffansa daidai yake da na Calibri, ina ɗora shi shafukan suka koma mazauninsu. Duk da haka, takarda mai ado da yawa, mai akwatuna da hotuna a cikin juna, takan ɗan sauya fasali, kuma wanda aikinsa ya dogara da irin waɗannan ya kamata ya gwada da nasa takardun kafin ya yanke shawara. Ni dai na ɗauki al'adar mayar da duk abin da zan kai shagon buga takardu zuwa PDF, saboda haruffan suna tafiya a cikin fayil ɗin, ba sai na je na tarar ƙ ɗina ta koma ƙaramin akwati ba.

Batun data ma ya shiga lissafi. Sauke tsarin gaba ɗaya ya kai kusan giga uku, amma wannan sau ɗaya ne. Bayan haka akwai wata 'yar garkuwa a kusa da agogo da ke sanar da ni idan sabbin gyare-gyare sun zo, ta nuna mini sunan kowanne da nauyinsa, ta kuma jira har sai na ce a sauke. Nakan bari sai dare ko sai na je inda akwai wayafai. Ga wanda yake haɗa kwamfuta da wayarsa yana ƙirga kowane mega, wannan ladabi ne babba.

Akwai ranar da na kai filashina wani shagon buga takardu, na dawo gida na tarar a wata kwamfutar cewa foldodina duk sun koma gajerun hanyoyi marasa komai, alamar cutar nan da ke yawo a filashi tana ɓoye fayiloli. A ciki akwai fassarar mako biyu, kuma gabana ya faɗi ƙwarai. Da na soka shi a tawa, sai ga foldodin nan duka a fili, ga kuma baƙin fayilolin cutar a gefe, ba su iya tashi ba saboda ba don wannan tsarin aka rubuta su ba. Na kwashe aikina, na goge filashin gaba ɗaya. Wannan ba ya nufin Linux ba ya kamuwa da komai, kuma mutum yana iya kai wa wasu cutar ko da shi ba ta taɓa shi ba, amma tun daga ranar maƙwabta biyu sun kawo mini nasu filashin na ceto musu takardu.

Wahalhalun kuwa na gaske ne. Tsohuwar firintata ta gida, wadda ba zan ambaci kamfaninta ba, ta ƙi bugawa har kwana uku, sai da matashin nan ya nemo mata manhajar da ke tuƙa ta, kuma har yanzu ɓangarenta na ɗaukar hoton takarda ba ya aiki. CorelDraw, wanda kusan duk masu zanen katin biki da fosta a garin nan da shi suke cin abinci, ba shi da na Linux, haka ma Photoshop da Microsoft Office na ɗorawa. Akwai Inkscape da GIMP a madadinsu, masu ƙarfi ne, amma wanda ya shekara goma hannunsa ya saba da wancan zai koma ɗan koyo, kuma abokan aikinsa za su ci gaba da turo masa fayilolin da ba lallai su buɗe daidai ba. WhatsApp ta burauza nake shigarsa. Na kuma taɓa jawo wa kaina matsala da hannuna, lokacin da na kwafo wani umarni daga intanet na zuba a baƙin allon umarni ba tare da na fahimce shi ba, na sake kunnawa na tarar allon aiki ya ƙi fitowa. Abin da ya cece ni shi ne Timeshift, manhajar da ke ajiye hoton tsarin lokaci-lokaci, da ita aka mayar da kwamfutar yadda take kwana biyu kafin nan, takarduna kuma ba abin da ya same su. Ina roƙon duk wanda zai ɗora Mint ya kunna ta tun ranar farko.

Abin da ya fi damuna shi ne ƙarancin masu taimako. Idan Windows ya ba ka matsala, kowane lungu akwai wanda zai duba maka, amma masu gyaran da suka san Linux 'yan kaɗan ne, kuma bayanan da ke intanet kusan duk da Turanci suke, Turancin ma na masana. Dattijon da ba shi da wanda zai kira idan abu ya tsaya zai sha wuya, komai sauƙin tsarin.

Yara sun so wasan ƙwallo irin wanda suke gani a gidan wasa, na gaya musu kwamfutar ba ta da ƙarfinsa ko da wane tsari ne a kanta. Na ɗora musu tseren mota na SuperTuxKart da GCompris mai koyar da lissafi da haruffa, kuma ƙaramar takan zauna da shi bayan la'asar har sai an kira ta.

Hukuncina shi ne, ga malami ko ɗalibi ko ɗan jarida ko mai ƙaramin shago da aikinsa rubutu ne da lissafi da intanet, kuma yake da kwamfutar da ta kasa cika sharuɗɗan Windows 11, Linux Mint ya cancanci a gwada shi daga filashi kafin a kai ta kasuwa. Mai zane da mai haɗa bidiyo da wanda ofishinsa ya ɗaure shi da wata manhaja ta musamman, su tsaya inda suke. Ni kuwa na riga na ba da sautun sabon batir, domin ina sa ran wannan kwamfutar za ta kai ni 2029, kuma ranar Asabar mai zuwa zan kai wa wani abokin aikina filashin ya gwada a tasa, wadda ta fi tawa tsufa da shekara guda.