Allurar kashe zafi a ƙirji bayan tiyatar sankarar mama: yadda na same ta

Duk macen da aka sa wa ranar cire mama saboda sankara, ina ba ta shawara ta nemi ganin likitan allurar barci tun kafin ranar, ta tambaye shi ko suna yin allurar da ke kashe jijiyoyin ƙirji, domin ba kowane asibiti ke yin ta ba. Ni an yi mini ita a wani asibitin koyarwa, inda aka cire mini maman hagu tare da kaluluwar da ke hammata.

Dabarar da aka yi amfani da ita, likitoci na kiran ta PECS, kuma wani likita mai suna Rafael Blanco ne ya fara bayyana ta a shekarar 2011. Bayan an sa mutum barci, sai a ɗora na'urar sikanin a ƙirji, a bi da allura har tsakanin tsokoki biyun da ke ƙarƙashin mama, a zuba maganin a inda jijiyoyin suke wucewa. Nawa Marcaine ne, wanda ya fi irin wanda likitan haƙori ke yi daɗewa a jiki.

Amfaninta ya bayyana tun a daren farko. Na farka ina jin ɓangaren hagu ya yi nauyi ya mutu, amma babu raɗaɗin da na yi ta fargaba, har na iya jan numfashi sosai, na yi tari ba tare da na dafe ɗinkin ba. Matar da ke gadon kusa da ni, wadda ba a yi mata ba, sai da aka yi ta yi mata allura mai ƙarfi, ta kwana tana fama da jiri da amai, ƙanwarta na riƙe da roba a gabanta. Ni kuwa na sha kunu da safe, na yi salla a zaune.

Sai dai maganin yana sakin jiki kafin kwana ya zagayo, kuma idan ya saki, zafin kan zo gaba ɗaya. Wata nas ta tashe ni cikin dare da farasitamol a hannunta, na ce mata ba na jin komai, ta ce, "Hajiya, ki daure ki sha yanzu, kada ki jira ya zo." Wannan nasihar ta fi mini komai amfani. Haka kuma sun gargaɗe ni in yi magana nan take idan na ji ɗanɗanon ƙarfe a baki, ko leɓe ya mutu, ko kunne yana ƙara, domin alamu ne na maganin ya shiga jini fiye da kima.

Abin da allurar ba ta hana ba shi ne zugi da tsikari da suka biyo baya a hammata da cikin damtse, saboda jijiyar da ke ratsa wurin takan taɓu yayin cire kaluluwa. Wannan sai da aka haɗa mini da wasu magunguna da motsa hannu a bango kowace safiya kafin ya lafa, kuma har yanzu hannun riga mai matsewa yana damuna.