Wuƙa mai rami a mariƙi: abin da ake sayarwa a Amurka da abin da zai yi aiki a dajinmu

Assalamu alaikum 'yan uwa na Gombe da Bauchi. Masu noma a nesa da gari da masu bin daji suna yawan aiko da hoton wata wuƙa, wai a saya musu a nan Amurka. Ita ce wadda mariƙinta bututu ne mai murfi, ana warware murfin a zuba ƙananan kayan ceton rai a ciki. Tana nan birjik a kantunan kayan farauta da kuma kasuwar intanet ta Amazon, amma kafin kowa ya turo kuɗinsa, ga yadda abin yake.

Asalinta na soja ne. A 1963 kamfanin ƙera wuƙaƙe na Randall da ke Florida ya fito da samfurinsa mai lamba 18, bayan wani likitan sojan Amurka a Biyetnam ya nemi wuƙar da matuƙin jirgi zai tsira da ita idan ya faɗo a daji. Fim ɗin Rambo na 1982 ne ya watsa ta duniya, daga nan masu kwaikwayo suka cika kasuwa. Yau galibi iri biyu ake gani. Akwai wadda aka sassaƙa daga sandar ƙarfe guda, ruwan wuƙar da mariƙi ba haɗi, kamar waɗanda maƙerin wuƙa Chris Reeve ya yi suna da su. Tsofaffinsu ɗaruruwan daloli ake sayarwa. Sai ta araha, ta ƙasa da dala 20, wadda ita ce a yawancin hotunan da kuke turowa. A cikinta wutsiyar ruwan wuƙar ba ta wuce gaɓar yatsa ba, an riƙe ta da noti ɗaya da ɗan gam. Ka sari reshe mai tauri ko ka ɓanɓari itace da ita, sai ta fara girgiɗi a wuya, daga baya ruwan ya fita ya bar maka bututu a hannu. Mazaunin Amurka idan tasa ta zo da aibi yakan mayar cikin kwana 30 a ba shi kuɗinsa. Wanda tasa ta karye a bayan Dukku ba shi da wannan gata.

Wuƙar maƙerinmu ta fi wannan ta arahar nesa ba kusa ba. Daga sifirin mota ake ƙera ta, wutsiyarta ta ratsa icen mariƙin, kuma in ta yi sanyi a wuya, wanda ya ƙera ta yana nan a rumfarsa. Wanda ya nace sai mai ramin, ya warware murfin ya haska ciki da tocila. In ya hango noti a ƙasan ramin, ta ado ce.

Ramin kansa ƙarami ne ƙwarai, faɗinsa kamar santimita 2, zurfinsa 8 zuwa 10. Kayan da masana'anta ke cusawa a ciki, wato ashana 'yan ƙwaya, ƙugiya, zaren roba da zarton waya, yawanci na cika ido ne. Zarton yakan tsinke da ya ɗauki zafi. Kuma an tsara jerin ne don dajin sanyi, inda babban abin tsoro shi ne mutum ya kwana a jiƙe ya sandare. Mu abin da ke kayar da mutum a Maris da Afrilu ƙishi ne, rana ta haura digiri 40, ga ƙaya, ga maciji. Saboda haka a zazzage nasu a sa namu.

A fara da ruwa. Ƙwayar tsabtace ruwa irin Aquatabs ita ce abin da ya fi cancantar wurin, don ƙanana ne, guda shida zuwa takwas a cikin takardarsu ta gwangwani ba su cin fili. A duba ƙarfinta a jikin fakiti, domin akwai ta lita ɗaya, akwai ta jarka mai lita 20, wadda ita aka fi gani a wajenmu lokacin kwalara. Wanda ya jefa ta jarka a gorar lita ɗaya ba zai iya shan ruwan ba. Ana jira minti 30 kafin a sha. Ruwan tafki mai laka sai an tace shi da tsumma ko an bar shi ya kwanta, don dattin yana cinye ƙarfin maganin. Kada a ɓare takardar don rage girma, iska na taɓa ƙwayar take fara lalacewa. Kuma ba ta da amfani in babu mazubin da aka san awonsa, don haka gora ta zauna a jaka, ko a naɗe leda mai kauri ta lita ɗaya a jikin kube.

Wajen wuta ne shawarar mutanen Amurka ta fi saɓa wa yanayinmu. Sukan ce a tsoma kan ashana a narkakken kyandir, a kuma shafe auduga da man baselin. A ƙasar sanyi daidai ne. Amma mariƙin ƙarfe da ya yini a rana a kan babur yana narkar da baselin, ya malale ya jiƙe ashanar da komai. Dabarar ita ce a yanko bututun roba na shan lemo, tsawon santimita 4, a matse baki ɗaya da filaya a bar ɗan lefe, a taɓa shi da wuta ya narke ya liƙe. A tura audugar da tsinke, a liƙe ɗaya bakin haka nan. Biyu ko uku sun isa. Ranar buƙata a tsaga, a yamutsa audugar ta yi gashi-gashi, tartsatsi ɗaya ke kama ta, ta ci na wasu mintuna. Audugar rimi ma tana kamawa nan take, sai dai tana ƙonewa da sauri in ba a shafa mata mai ba.

Abin ƙyastawa kuwa, a nan akwai wata 'yar sanda baƙa da ake kankarewa ta fesa tartsatsi, ƙyastun zamani ke nan. Ita kam ta cancanci a aiko da ita, don tana aiki ko ta jiƙe, kuma ba ta ƙarewa da wuri. Tana son gefe mai kusurwa a kankare ta. Bayan wuƙar da aka goge ya yi santsi ba ya fitar da komai, sai a haɗa da guntun zarton yanka ƙarfe. Gumi da danshi suna cin ta har ta koma gari, a shafe ta da jan farce kafin a ajiye. Wanda ya fi son ashana ya sa ƙwaya shida, ya yanko gefen kwalin da ake ƙyastawa ya naɗe shi daban a leda. Sau da yawa a wannan gaɓar ake yin kuskure: ashana ta isa daji, maƙyastinta yana gida. Laita mai gas ta zauna a aljihu, ba a cikin ƙarfen da ke gasuwa a rana ba.

Sai allura mai babban ido guda biyu, da matsefata siririya. Ƙayar aduwa da ta karye a tafin ƙafa tana iya hana ƙato tafiya. Zare kuma a nemi na kamun kifi wanda aka kitsa, mita 10, a naɗe a jikin tsinke. Ya fi zaren roba, wanda ke murɗewa ya ƙi miƙewa in ya daɗe a naɗe, kuma da shi za a ɗinke takalmi ko jaka. Ƙugiya huɗu ƙanana da dalma biyu na nutsar da ƙugiya suna da ma'ana ga mai yawo a bakin Gongola ko wajen Dadin Kowa. A jera su a kan salatif a rufe, in ba haka ba su harɗe da zaren su soki yatsa. Wanda hanyarsa ba ta bi ta ruwa ya bar su, ya sa ƙwayar farasitamol huɗu a gurbinsu, yana canza su duk bayan 'yan watanni saboda zafi. Wayar ɗana tarko da ake ta yabo a nan, mai zama kusa da Yankari ya sani farauta a gandun laifi ne.

Wasu na sa reza wai don saran maciji. A cire ta da wannan niyya. Tsaga wurin, ko tsotsa, ko ɗaure ƙafa tamau, ba ya fitar da dafi. Kububuwa, wadda ta addabi kudancin Gombe, dafinta hana jini daskarewa yake yi, don haka wanda aka tsaga jini zai yi ta zuba. A cire zobe da duk abin da ke matse gaɓar, a hana mutum tafiya da ƙafarsa, a ɗauke shi zuwa asibiti, kuma ga na Kaltungo da ya ƙware a wannan. Abin da zai taimaka daga cikin mariƙin shi ne takardar kuɗi biyu ko uku na dubu-dubu a nannaɗe don kuɗin babur, da 'yar takarda mai lambar waya biyu da rukunin jininka, a rubuta da fensir don biro yana watsewa in ya jiƙe.

Kamfas ɗin da ke cikin murfi kuma, wato na'urar nuna arewa da kudu, ƙarfen wuƙar yana jan allurarsa. Sai an cire murfin an nisanta shi da wuƙar da waya kafin a karanta. Na arahar ma sau da yawa kumfa ke shiga ruwan cikinsa ya maƙale.

Wajen shiryawa, a ɗaura zare a abin da zai fara shiga, a bar bakinsa kusa da murfi, ta yadda jan zaren zai fito da komai. A cike gibin da busasshiyar auduga har ƙarar ta ɗauke in an girgiza. Zoben roba da ke hana ruwa shiga yana tsattsagewa da hunturu, a duba shi kafin damina. Kada a buga ƙusa da gindin murfin, haƙoransa za su lanƙwashe ya ƙi buɗuwa. Mariƙin zagayayye ne, yana juyawa a hannu mai gumi, sai a naɗe shi da robar tsohon tib na keke. Tana hana santsi da zafin ƙarfe, kuma guntunta yana kama wuta ko da damina.

Ga masu son a aiko: wuƙa ba ta shiga jakar hannu a jirgi, sai ta awo, ashana kuma ba ta shiga jakar awo, don haka a zazzage ramin kafin tafiya. A gida ma a yi tunanin shingen bincike. Saurayi da doguwar wuƙa mai haƙoran zarto a ƙugu zai sha tambaya, a Bauchi a ɗauke shi ɗan sara-suka, a Gombe ɗan Kalare. Ga kuma haɗarin cewa wuƙar ta faɗi a ciyawa ta tafi da wutarka da maganin ruwanka lokaci guda. Ni a ganina, a sayi wuƙar maƙeri, a kai wa baduku ya ɗinka aljihu mai maɓalli a jikin kuben, wanda zai ɗauki gwangwanin alewa ƙarami har da usur da ɗan madubi, sannan a raba kayan wuta gida biyu, rabi a nan rabi a aljihun riga. Daga Amurka a aiko da sandar ƙyastu, zaren da aka kitsa da kamfas na gaske.