Jagte Raho: ɗan ƙauyen da ya kwana neman ruwan sha

Wani dattijo mai sayar da tsofaffin finafinan Indiya ne ya zaro mini faifan daga ƙasan kwali, ya kaɗe ƙurar da hannun rigarsa. Jagte Raho ne, na 1956, baƙi da fari, wanda Raj Kapoor ya shirya kuma ya fito a ciki. Mu da muka tashi da finafinan soyayyar Indiya, kaɗan ne cikinmu suka taɓa jin sunansa.

Wani talaka ne ya baro ƙauye zuwa birni, ƙishirwa ta dame shi cikin dare, ya shiga wani katafaren bene neman ruwa. Sai aka kwarma ihun ɓarawo! Yana gudu daga ɗaki zuwa ɗaki yana ɓuya, yana ganin abin da masu gidan ke aikatawa: wannan yana satar sarƙar matarsa don caca, wancan ya dawo a buge yana takura wa tasa, ga kuma babban mai mutunci da ke buga jabun kuɗi. Su ne kuma suka fito da sanduna suna farautarsa. Raj Kapoor, wanda shi ne ya fito a matsayin talakan, da ƙyar yake magana a fim ɗin, idanunsa da busassun leɓunansa ne ke bayani. Wallahi da na ga yana leƙen famfo yana tsoron taɓawa, sai da na tuna masu ga-ruwa da ke tura kura a unguwannin da kowane gida ke da rijiyar burtsatse.

Faifan nawa ba sabo ba ne. Hoton na ɗan rawa a wasu wurare, rubutun fassarar Turanci kuma yana makara. Amma sautin waƙoƙin Salil Chowdhury, wanda ya tsara kiɗan fim ɗin, ya fita tas.

Masu tara tsofaffin finafinai suna da dalilin nemansa. Ya ci babbar kyauta a bikin finafinai na Karlovy Vary, wani gari a ƙasar Czech ta yau, a 1957, akwai kuma nau'insa na harshen Bengali mai suna Ek Din Ratre, wanda yanzu nake farauta. Jaruma Nargis ta fito ne a ƙarshe kawai, da asuba, ta zuba wa talakan ruwa daga tulu ya sha. Sau uku na mayar da wurin baya.

Idan ka ci karo da shi, ka sa mai shago ya kunna maka kafin ka biya.