Filastar kemis ko kankarewa da takalmi? Amsa ga ɗan uwanmu mai karen da ke ɗingishi

Wa alaikumus salam ɗan uwa, Allah ya ba karen naka lafiya. Tsakanin filastar kantar nan ta kemis da ka ce an maka tallarta, da kuma a riƙa kankare kantar da ke tafin ƙafarshi ana sa mishi takalmi, ni ba zan ja ka da nisa ba, ka ɗauki na biyun. Duka biyun na sa kuɗina a ciki, ɗaya har yau ina amfani da shi, ɗayan kuma ragowar kwalin na zuba a shara da hannuna.

Nawa karen sunanshi Shaho, ruwa biyu ne, uwarshi irin karnukan tseren Turawan nan ce da ake ce ma girehawun, daga Jos aka kawo ta, uban kuma na gida ne. Jikin uwar ya ɗauko kaf, dogon wuya, cikin a ɗame, ƙafafu kaman sanda. Hunturun bara waccan ya fara min wani irin ɗingishi da ya ɗaure min kai, in muka fita jeji ta wajen Dass ya samu rairayin rafi sai ka ga yana tashi sama kaman ba shi ba, amma muna dawowa gari ya taka kwalta ko tsakuwar ƙofar gida sai ya fara ɗage ƙafar hagu ta gaba, yana neman gefen hanya inda ƙasa ke da laushi. Na ce ƙaya ce, na duba tsakanin yatsu ban ga tsidau ba ban ga ƙarangiya ba. Wani abokin farautarmu ya ce kafaɗa ce ta goce, muka yi kusan wata 2 muna murza mishi kafaɗa ana gasawa da ruwan ɗumi, kare sai ramewa yake, ya daina tarbata a zaure in na dawo, wallahi abin ya tsaya min a rai sosai.

Wani likitan dabbobi ne a nan cikin Bauchi, Allah ya saka mishi da alheri, ya gano abin cikin minti biyar. Bai ma taɓa kafaɗar ba. Ya ce in zaga da shi a kan siminti, ya ce in zaga da shi a kan ciyawa, sai ya ɗaga ƙafar ya jiƙa tafin yatsun da ruwa ya goga ɗan makilin a kai ya share, sai ga wani zagaye fari-fari ya fito ɓaro-ɓaro a tafin yatsan tsakiya, girmanshi bai wuce ƙwayar wake ba. Ya matsa yatsan ta gefe da gefe, Shaho ya yi wata ƙara ya fizge ƙafar. To kai ma kafin ka sayi komai ka gwada wannan, dan ka tabbatar kanta ce ba ƙaya ko kwalba ce ta karye a ciki ba, in akwai kumburi ko ruwa ko mugunya na fita to wannan wata magana ce daban, asibiti kai tsaye.

Yadda ya min bayani, kuma na zo na ga haka ne da idona, abin da kake gani a sama kan ne kawai. Fata ce ta taurare ta dunƙule ta nutse ciki kaman ƙusa, tsininta na kallon ƙashin yatsa. Su irin waɗannan karnukan, girehawun da wifet (ƙaramin ɗan uwan girehawun) da 'ya'yansu ruwa biyu, ba su da kitse sosai a jiki, tafin ƙafar ma kitsen da ke zama matashi tsakanin ƙashi da fata ɗan kaɗan ne, dan haka duk takun da ya yi a wuri mai tauri ƙashi na danna fata daga sama ƙasa na danna ta daga ƙasa. Shi ya sa ba kasafai za ka ga wannan ciwon a jikin karnukan gadi masu kauri ba. Kuma mafi yawanci a ƙafar gaba take fitowa, a yatsu biyun tsakiya, saboda wajen kashi 60 cikin 100 na nauyin kare a gaba yake, su kuma yatsun tsakiyar su ke ɗaukan kayan. Ka ɗauka tsakuwa ce ta shige maka takalmi aka ce ka je kasuwar Wunti a ƙafa ka dawo, to haka yake ji kullum.

Filastar, toh. Ta mutane ce, asid ɗin salisilik ne a ciki, da yawansu ƙarfin kashi 40, kuma eh tana tausasa fata, iyakar abin da zan yaba mata kenan. A ƙafar Shaho ba ta kwana inda na manna ta ba, ta zame ta cinye lafiyayyar fatar gefe ta bar kantar zaune daram, ragowar kuma ya tauna ya haɗiye, na samu sati biyu ina jinyar gyambon da ni na jawo mishi.

Shi kuwa takalmin, labarinshi daban ne. Na farko da na saya na kanti ne, sai ya zama an yi shi ne dan karnuka masu dunƙulalliyar ƙafa, ƙafar girehawun kuwa doguwa ce siririya kaman ta zomo, taku goma ya juye, taku ashirin ya cire. Sai na tafi wajen wani dattijo baduku da ke ɗinka mana kube da zabira tun zamanin mahaifinmu, na ce Baba takalmi nake so a ɗinka wa kare. Ya ɗago ya dube ni ya ce tun da yake bai taɓa yi ba amma in kawo awo. Na tsayar da Shaho a kan kwali, na ɗaga ɗaya ƙafar dan nauyin ya sauka a kan mai ciwon yatsun su baje, na zagaye da biro na kai mishi. Baba ya yanka fatar akuya mai laushi ya yi jikin, ya sa soso mai kauri kaman yatsa a ciki, ƙasan ya manna robar tsohon silifas, sannan ya ja wuyan ya haura sama da gaɓar ƙafa ya sa maɗauri biyu irin mai mannewan nan na sandal ɗin yara. Sau uku ina komawa yana ragewa yana ƙarawa, bai ƙara min ko kwabo ba, ranar ƙarshe ma cewa ya yi in zo da karen ya gani da idonshi. Na ɗaura mishi a ƙofar rumfar, da farko ya tsaya yana yarfa ƙafa kaman ya taka wuta, can sai ya sauke ta a hankali, ya taka, ya sake takawa, sai kawai ya miƙe a kan kwalta yana jan igiya kunnuwa a tsaye. Wata huɗu rabon da in ga ya yi wannan tafiyar. Baba ya ajiye basilla ya ce Allah mai iko, ni kuma na kasa cewa komai.

Amma kar ka ɗauka takalmin shi kaɗai ne aikin, shi dai yana ɗauke zafin takawa ne. Kankarewar ce ke rage ƙusar. Karon farko likita ka bari ya yi kana kallo. Da wani ɗan ƙarfe mai faɗin baki yake yi, irin wanda likitan haƙori ke ɗaga saiwar haƙori da shi, yana bin gefen zagayen a hankali yana ɗagawa har dunƙulen ya fito kaman an ɓare gyaɗa, ya bar ɗan rami. In kantar ta nuna ko jini ba ya fita, Shaho ko allura ba a mishi ba, a kwance yake ina shafa mishi kai. Tsakanin zuwa da zuwa kuma ni nake kula da ita a gida: in jiƙa ƙafar a ruwan ɗumi kaman minti 10 zuwa 15, in goge saman da dutsen kaushi har ya yi daidai da sauran tafin ko ya ɗan faɗa ciki, in shafa man kaɗanya in sa mishi tsohuwar safar yara na ɗan lokaci dan kar ya lashe. Da hunturu kullum nake shafawa saboda yadda iskar nan ke busar da tafin har ya tsage. Reza dai kar ka kusanta da ita, kare na fizga ɗaya ka yanka inda ba ka nufa ba, kuma yankan tafin ƙafa ba ya saurin warkewa tunda a kanshi ake tafiya. Farce ma ka riƙa yanke mishi, in ya yi tsawo yana canza yadda yatsan ke sauka.

Takalmin ba na wuni ba ne. In za ku taka kwalta ko dutse ka sa, kuna dawowa ka cire ka shanya, domin kare ta tafin ƙafa yake ɗan yin gumi, in ka bar shi ciki da zafin Bauchi na watan Maris da Afrilu tsakanin yatsun zai lalace. A rairayi ko gona mai laushi ni ba na sa mishi ma sam. Wurin kwananshi kuma na zuba yashi na shimfiɗa buhu, na raba shi da simintin tsakar gida.

Gaskiyar da ba zan ɓoye maka ba, tana dawowa. Ta Shaho duk sati 4 zuwa 6 sai ta sake cikowa, wannan hanyar lallaɓawa ce ba warkewa ba, duk wanda ya ce maka yana da maganin da zai kashe ta har abada cikin kwana uku kuɗinka yake so. Ko tiyatar yanke ta ma ba tabbas ba ce, wani likitan dabbobi a Ingila mai suna Mike Guilliard da abokan aikinshi sun bi karnukan da aka yi wa, suka wallafa a 2010 cewa fiye da rabi ta dawo musu. Shi ne daga baya ya fito da wata dabara ta daban, maimakon a taɓa kantar sai a yanke 'yar jijiyar da ke lanƙwasa wannan yatsan, yatsan ya saki ya daina ɗaukan nauyi, kantar ta bushe ta fita dan babu abin da ke danna ta kuma. Karnuka da yawa sun samu sauƙi da ita, sai dai yatsan zai kwanta ya canza kama, kuma aiki ne na wanda ya iya. In naka ya kai inda takalmi da kankarewa ba sa riƙe shi, ka sa likitanka ya tura ka asibitin koyarwa na dabbobi, akwai a ABU Zariya akwai a Jami'ar Maiduguri, ka tambaye su wannan aikin tun kafin a kawo maganar cire yatsa gaba ɗaya. Kuma duk inda za a sa mishi allurar barci ka faɗa musu da bakinka cewa yana da jinin girehawun, akwai magungunan barcin da suke daɗewa ba su farfaɗo daga su ba, irin su tayofental.

Ba ka tambaya ba amma sai na faɗa. Ka yi hankali da masu tallar nan, wanda ya sayar min da filastar ya rantse min ta dabbobi ce daga waje, sai da na dawo gida ɗana ya karanta kwalin ya ce Baba ai hoton ƙafar mutum ne a jiki, kwanan watan lalacewar ma an kankare shi. Akwai masu yawo da wani ruwa a kwalbar da ba suna suna cewa ɗigo uku ya ƙone ta, akwai masu cewa a yi mata sakiya da ƙarfe mai zafi, dan Allah kar ka bari, ƙona tafin za su yi tabo ya zauna a wurin ciwo ya ƙaru. Haka masu cewa ka ba shi ibufurofen ko dikulofenak na mutane, waɗannan suna huda wa kare ciki suna taɓa ƙoda, kuma ba za su hana ƙusa sukan shi ba in ya taka. Sai masu sayar da karnukan su kansu, wannan ya shafi duk 'yan uwa da ke shirin sayen kare kafin rani: in mutum ya nace sai a bakin rafi ko a fili mai yashi zai gwada maka gudun kare, ka ce a'a a zo kan kwalta a yi tafiyar ƙafa a hankali, ka ɗaga ƙafafun huɗu ɗaya bayan ɗaya ka matsa kowane yatsa. Na san wanda ya biya kuɗin kare mai lafiya ya kai gida ya tarar da kanta biyu a ƙafa ɗaya.

Dan haka gobe in Allah ya kai mu ka yi gwajin makilin ɗin, ka kai shi likita ya fitar da ta farko, ka ɗauki awon ƙafar a kan kwali ka kai wa baduku, ka ce ya yi guda biyu dan in ɗaya ya jiƙe ka sa ɗayan. Ka tuna mishi wuyan ya haura gaɓa, nan ne na kanti ke faɗuwa. In ka ɗaura kuma ka zura ɗan yatsanka tsakanin maɗaurin da ƙafar, in bai shiga ba ya matse da yawa, ka sassauta.