Dambun leda na wata Hajiya a unguwarmu, na gwada shi ran adashi

Ni dai tunda watan Afrilu ya kama na ce ni da tsayuwa gaban murhu da rana tsaka sai dai in dole, zahin Tawa kun san shi, kahin azahar ya wuce digiri 40, bango ma in kin jingina sai ya gasa miki baya, ga wuta da ke ɗaukewa daidai lokacin da ake neman fanka. Ana haka sai ga adashi ya zagayo gidana, mata 12, kuma ba a tara mata a ba su ruwa kawai su tashi, sai a yi wata guda ana labarinki.

Maƙwabciyata ce ta ce in je wurin wata Hajiya da ke saida dambu a leda, wai tsakin masara ne ta turara shi ta shanya ya bushe ƙarau, zogalar ma dafaffa ce busassa a tata ledar daban. Wallahi da farko raina abin na yi. Ni da na tashi na ga Inna tana wanke tsaki, ta tsane shi, ta liƙe bakin madambaci da tsumma, turari biyu kahin a ce an yi dambu, yanzu a ce mini wai ruwan zahi kawai? Na dai sayo ledar tsaki 3 a dala ɗari ɗari, zogala 2, na ce in abin ya ƙi sai in aiki yaro ya sawo burodi da sardin a ruhe asiri.

Ga yadda na yi. Na tafasa ruwa bisa ƙaramin gaz, na juye tsakin a roba na zuba ruwan ya ɗan sha kansa kaɗan, na ruhe da faranti, minti kamar 15 na buɗe sai na ga ya kumbura ya yi warawara, ba ya caɓewa ba ya dunƙulewa, na murza shi da man gujiya da hannu. Albasa kuwa ban yi mata rowa ba, yanzu lokacinta ne, 'yar Galmi ta cika kasuwa ta yi araha, ja mai ƙamshi, na yanka ta siriri ɗanya na haɗa da tumatir da tattasai da dakakken ƙuli-ƙuli da yaji. Tsakin nan gaskiya ba ni da abin cewa, wata yayarmu da ba a burge ta da abinci har ƙari ta yi, ta ce ƙanwata yau kin sha hayaƙi, na yi shiru abina ban ce komai ba.

Amma zogalar, kai! Na jiƙa ta na matse kamar yadda aka gaya mini, ban wanke ba tunda an ce dafaffa ce, Allah ya sa na ɗanɗana kahin in juye cikin tsakin, sai ji na yi ƙaras a haƙori, rairayi ne, da alama a tabarma aka shanya ta iska ya kwaso mata ƙasa, ga 'yan itatuwa da ba a tsince ba. Sai da na yi mata wanki uku ina tsamewa sama sama ina barin ƙasar a gindin kwano, lokacin da nake murna na rage sai ya tahi nan. Ga gishiri ya so ya yi yawa a tsakin, don haka kar ki yi garajen saka magi sai kin taɓa a baki. Ledar kuma ba kwanan wata ba komai, ba ki san yaushe aka ɗaura ta ba sai dai ki shinshina.

Abin sha ban wahalar da kaina ba, bisap na jiƙa tun dare da citta da na'ana'a, ƙanƙarar dala 20 aka sawo, sai hura da nono ga tsofaffi biyu da ba su son yaji.

Washegari na koma na ce Hajiya ina wuni, tsakinki ya hidda ni kunya amma zogalar da ƙasa, ba ta yi hushi ba, ta ce yaran ne suka shanya mata ranar da aka yi iska, ta ƙara mini leda guda kyauta, wannan ɗin na duba da sauƙi amma ita ma sai da na wanke. Tsakin zan ci gaba da saye, na ma ajiye biyu saboda baƙin dare, zogala kam gara in sayi ɗanya wurin matan garka in dafa da asuba kahin rana ta hito. Ta ce tana yin na gero amma sai an gaya mata tun da kwana biyu, na ba ta kuɗin leda guda na Juma'a.