Bibiya ta waya ko zuwa asibiti: wanne ya dace da mai ciwon suga?

Ana yawan tambaya: a riƙa tura wa nas sakamakon awon suga ta waya, ko a ci gaba da zuwa asibiti?

Na'urar awon suga da ake mannawa a damtse, kamar FreeStyle Libre, tana kwana 14, in an tura sakamakon ta waya nas na ganin hawa da saukar suga har na cikin dare. In ya faɗi ƙasa da 70 mg/dL da asuba, sai ta kira a gyara insulin. Amma sugan ruwan ƙarƙashin fata na'urar take aunawa, ba na jini ba, shi ya sa takan makara da 'yan mintuna. In jikinka ya ƙaryata lambar, soki yatsa ka tabbatar. Ga kuma tsada.

Sai dai waya ba ta cire maka takalmi. A asibiti ne nas ke duba tsakanin yatsun ƙafa, ta laluba wurin allura ta ji kullutun da ke hana insulin aiki daidai. A nan ne mutum kan amsa cewa ya daina shan magani.

Mai allura sau da yawa a rana, ko mai nisa da asibiti, waya ta fi masa sauƙi. Mai gyambon ƙafa da sabon kamu, gara nas ta gan su ido da ido.